Jiran Haske a Kan Tsaunin Mambila

Tun ina yaro nake da ɗabi'ar tsayawa a gaban kalanda. A shagon ɗinkin mahaifina da ke cikin birnin Kano, kowace shekara akan rataya sabuwar kalanda da wani ɗan kasuwa yake kawo masa kyauta, kuma galibin hotunan da ke jikinta na duwatsu ne masu ƙanƙara da tafkuna da korayen filaye na ƙasashen da ban san sunayensu ba a lokacin. Idan shekara ta ƙare nakan roƙi a bar mini tsohuwar, in yanke hotunan da almakashin shago in adana su a cikin littafi. Ina jin daga nan ne son hoton ƙasa ya shige ni, wato hoton da ba fuskar mutum ce jigonsa ba, sai tudu da kwari da sararin sama da yadda haske yake sauka a kansu. Da na girma na kama sana'ar ɗaukar hoto, abin da ke kawo abinci shi ne biki da suna da walimar saukar karatu, kuma ina girmama wannan aiki domin da shi nake riƙe iyalina. Amma duk ranar da na sami sarari nakan hau Dala ko Goron Dutse bayan sallar asuba, in kafa kyamara, in jira rana ta fito a kan rufin gidajen birni.

Shekara da shekaru ina jin labarin tsaunin Mambila daga bakin direbobi da fataken shanu. Suna cewa akwai wuri a jihar Taraba inda mutum yake kwana da bargo biyu a watan da Kano ke fama da zafi, kuma gajimare yakan sauko har ya shiga kasuwa. Na ga hotunan wurin a waya, sai dai yawancinsu an ɗauke su ne da tsakar rana daga tagar mota, lokacin da haske yake faɗowa kai tsaye daga sama ya kashe inuwa, har tudu da kwari su zama kamar shimfiɗa ɗaya. Na ƙudurta cewa zan je in zauna, in ba wurin lokacin da yake bukata, in dawo da hotuna da wani gajeren fim wanda ba shi da labari ko 'yan wasa, sai ƙasa da sautinta. Na zaɓi ƙarshen watan Oktoba, saboda a lokacin damina tana bankwana, ciyawa ba ta bushe ba, ƙurar hunturu kuma ba ta iso ta dusashe nesa ba.

Kayan da na ɗauka ba su da yawa, domin wanda zai hau tudu da ƙafa yakan san nauyin kowane abu da ya saka a jaka. Kyamara ɗaya ce, da idanunta biyu, ɗaya mai faɗi wanda yake kwaso fili da sama gaba ɗaya, ɗayan kuma mai jawo nesa. Sai sandar kafa kyamara mai ƙafa uku, da baƙin gilashin da ake ɗaurawa a gaban ido domin rage haske, da batura shida, da na'urar naɗar sauti wadda makirfonta yake da rigar gashi saboda iska, da leda mai kauri da tsummoki masu laushi. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto kuwa na bar shi a gida, saboda tashinsa yana bukatar izinin hukuma, ga shi wurin da zan je kan iyaka ne, kuma ƙararsa tana firgita dabbobi.

Tafiyar kwana biyu ce. Rana ta farko na bi ta Gombe, na ratsa ƙasar Tangale inda duwatsu suka fara tasowa daga fili a wajajen Billiri da Kaltungo, na haye kogin Binuwai a Numan, na kwana a Jalingo. Washegari da sassafe na shiga motar Gembu, babban garin Mambila, muka bi ta Garba Chede da Bali, inda aka haye kogin Taraba wanda jihar ta samo sunanta daga gare shi. Daga nan daji ya fara kauri, zafi kuma bai sauka ba, har muka isa Serti, garin da ke da hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti. An kafa wannan gandu a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, kuma shi ne mafi girma a gandayen dajin tarayya. A cikinsa, daf da iyakar Kamaru, dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu wurin da ya fi shi tudu a duk Najeriya.

A Mayo Selbe ne hawa yake farawa. Kalmar mayo da Fillanci tana nufin kogi, kuma daga nan zuwa sama sunayen garuruwa da yawa da ita suke farawa. Direbanmu ya tsaya ya duba ruwan inji da birki, fasinjoji suka sayi ayaba, wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ciro rigar sanyi daga jaka ta saka alhali ni gumi nake yi. Hanyar tana nannaɗe jikin dutsen kwana bayan kwana, a hannu ɗaya bango, a ɗaya hannun rami wanda ba a ganin ƙarshensa saboda kan bishiyoyi. Da muka zo wani hawa mai tsanani direban ya ce mini nan ne ake kira Hawan Biyu da Sisi, kuma a yadda ya ji daga manya, sunan ya samo asali ne daga ladan da ake biyan masu dako a zamanin Turawa, sule biyu da sisi. Hannuna yana kan jakar kyamara duk tsawon hawan, amma ban buɗe ta ba, domin babu wurin tsayawa, kuma hoton da za a ɗauka daga mota mai girgiza shi ne irin wanda na zo in guje masa.

Da muka fito sama wajen Maisamari, sai na ga kamar an cire wani labule. Kurmi ya ƙare, aka shiga ƙasa mai tuddai zagayayyu, ɗaya yana bin ɗaya har iyakar ganin ido, duk a lulluɓe da gajeriyar ciyawa kore shar, da ƙoramu a tsakaninsu, da jajayen shanu masu dogayen ƙahonni a warwatse a kan gangare. Iskar da ta shigo ta taga ta sa na gane dalilin rigar dattijuwar nan. Matsakaicin tudun Mambila ya kai kusan mita 1,600 daga doron teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba, kuma a bisa ƙa'ida duk hawan mita 1,000 yana rage zafin iska da kusan digiri 6. Na karanta wannan lissafi tun a gida, amma gani ya kori ji. Na sauka a Nguroje, ɗaya daga garuruwan da suka fi tudu da sanyi a yankin, na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki, na yi alwalar magariba da ruwan da ya sa yatsuna suka ƙage.

Wannan ƙasa ba ta daɗe da zama Najeriya ba idan aka kwatanta da sauran Arewa. Tana cikin Kamarun Jamus har zuwa yaƙin duniya na farko, sannan ta koma hannun Ingila a matsayin ƙasar amana, sai a ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi haɗewa da Najeriya. An kira sabon lardin da sunan Sardauna domin girmama Sir Ahmadu Bello, kuma har yau ƙaramar hukumar da ke da hedikwata a Gembu sunan da take amsawa ke nan. Mambilawa ne mafi yawa, akwai Fulani da Kaka da Panso da Kambu da Hausawa 'yan kasuwa, kuma a kasuwa Fillanci da Hausa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Na sami wani matashi ɗan acaɓa wanda ya san hanyoyin tuddan, muka yi ciniki a kan zai riƙa ɗaukata kullum bayan sallar asuba.

Safiyar farko ban ga komai ba. Mun hau wani tudu da ya ce daga kansa ana hango kwari uku, na kafa kyamara cikin duhu ina fuskantar gabas, na jira. Alfijir ya keto, gari ya yi fari, amma farin bai buɗe ba. Hazo ya rufe mu ta kowace fuska har ban iya ganin babur ɗin da muka ajiye taku ashirin daga inda nake tsaye. Mu a Kano idan aka ce hazo, ƙurar hunturu muke nufi, busasshiya mai fasa leɓe, wadda take mayar da rana kamar farin faifai a sama. Wannan kuwa ruwa ne yake yawo a iska, gajimare ne da kansa ya kwanta a kan ƙasa, yana jiƙa gashin ido da hula, yana taruwa ɗigo ɗigo a kan gilashin kyamara ta yadda da na goge sai ya dawo kafin in mayar da tsumma aljihu. Sanyi kuma ya cinye batir na farko da sauri fiye da yadda na saba, sai na koma ɓoye sauran a aljihun ciki domin su sha ɗumin jiki. Lokacin da hazon ya yaye hantsi ya riga ya ɗaga, rana ta yi sama, hasken da na zo nema ya wuce.

Safiya ta biyu na yi kuskuren da ya fi wannan. Da na ga hazo ya sake rufewa, sai na ce wa ɗan acaɓan mu bi shi mu nemi inda ya yi sauƙi. Muka sauka daga wannan tudu muka hau wancan, muna santsi a kan jar laka, duk inda na hango ɗan haske sai in ce can za mu, kafin mu isa ya rufe, wurin da muka baro kuma ya buɗe. Na dawo masauki da hotuna sama da ɗari, babu ko ɗaya da na tsaya na tsara, kuma da na duba su da daddare na ga gaggawar da nake ciki a jikin kowannensu. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na tara kuɗin tafiyar nan ne a cikin shekara biyu, ga kwana biyu sun tafi daga cikin tara.

Da la'asar ɗin ranar na fita da ƙafa ba tare da niyyar ɗaukar komai ba, na bi wani burtali har na iso bakin shingen waya mai ƙaya. A Mambila makiyaya da yawa zaunannu ne, suna da filayen kiwo da aka kewaye, saɓanin yawon da muka sani a wajenmu. Wani dattijo Bafulatani yana zaune a kan dutse, ya lulluɓa da bargo, yana kallon garkensa. Na yi sallama, na durƙusa muka gaisa, ya tambaye ni gida da iyali da gajiyar hanya, sannan ya dubi jakata ya ce, “Ɗan nan, kai ne wanda ake cewa yana zagaya tuddai a kan babur tun da asuba?” Na ce, “Ni ne, Baffa. Hazo nake gudu, ina neman inda zan ga kwari.” Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi tun yana yaro yake kiwo a kan wannan gangare, kuma hazon safiya ba ya tashi gaba ɗaya, daga wuri ɗaya yake fara yagewa. Ya nuna mini da sandarsa wata tsaga tsakanin tuddai biyu ta gefen gabas, ya ce iska ta nan take shigowa idan rana ta fara ɗumama ƙasa, kuma duk daren da sama ta yi garau taurari suka fito, iska ta kwanta, to da safe hazon a cikin kwari zai taru, kan tudu ya zama a sarari. Na nemi izinin tsayawa a cikin filinsa, ya ba ni, da sharaɗin kada in juya kyamara wajen gidajen iyalinsa kuma kada in shiga tsakiyar shanu.

Abin da dattijon ya faɗa shi ne abin da masana yanayi suke bayyanawa da nasu kalmomin. Idan dare ya yi garau ƙasa tana sakin zafinta da sauri, iskar da ke manne da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, ta gangara ta taru a kwari, danshin da ke cikinta ya zama hazo. Shi bai koyi wannan a aji ba, ya koya ne daga shekarun da ya yi yana lura da lokacin da ya dace a saki shanu.

Dare na uku an yi yayyafi, na huɗu kuwa da na fito bayan isha'i na ga taurari kamar a miƙa hannu a taɓa. Ƙarfe biyar da 'yan mintuna ina kan gangaren dattijon, na kafa sanda na danna ƙafafunta cikin ƙasa, na ɗaura ido mai jawo nesa na saita shi a kan tsagar da ya nuna mini. Da gari ya fara wayewa sai na ga kwarin duka ya cika da farin hazo har baki kamar nono a ƙwarya, kawunan tuddai kaɗai suka fito, baƙaƙe, ɗaya a bayan ɗaya, kowane na baya ya fi na gabansa dusashewa har na ƙarshe ya narke cikin sama. Wajen ƙarfe shida rana ta leƙo. Haskenta ya zo a kwance, ya fara taɓa saman hazon ya mayar da shi ruwan zuma, sannan ya kama gefen kowane tudu ya bar ɗaya gefen cikin inuwa, ta yadda kowane lanƙwaso da kowace 'yar hanyar shanu suka bayyana. Ban motsa daga wurin ba. Bayan kamar minti goma sha biyar hazon ya fara yagewa daidai inda sandar dattijon ta nuna, ya riƙa kwarara ta cikin tsagar a hankali kamar ruwan da aka buɗe wa hanya, a ƙarƙashinsa kuma wata ƙorama ta fito tana ƙyalli.

Wanda bai yi wannan aiki ba zai iya ɗauka cewa faɗin wuri da ido mai faɗi ake kama shi, amma a irin wannan ƙasa akasin haka na gani. Ido mai faɗi yana tura tuddai nesa ya ƙanƙanta su, sai hoto ya zama rabi sama rabi ciyawa. Mai jawo nesa kuwa yana matso da su kusa da juna har su zama kamar an jera su da hannu, kuma yana tilasta wa mai ɗauka ya zaɓi abu ɗaya ya bar saura. Ga kuma ƙarancin lokaci. Mambila tana kusa da tsakiyar duniya, a wajen digiri 7 arewa, saboda haka rana a miƙe take tashi, ba ta jan ƙafa a gefen sama kamar yadda take yi a ƙasashen da ke cikin kalandar mahaifina. Hasken nan mai laushi bai cika kai rabin sa'a ba. Duk wanda bai riga ya tsaya a wurinsa ya gama saiti kafin fitowarta ba, to sai dai ya jira gobe.

Domin fim ɗin na yi abu biyu a safiyar. Na ɗauki hoto mai motsi na tsawon minti huɗu ba tare da na taɓa kyamara ba, saboda na yi imani cewa idan ƙasa tana motsi da kanta bai kamata kyamara ta yi gasa da ita ba. Sannan na saita ta ta riƙa ɗaukar hoto ɗaya duk bayan daƙiƙa 5. Fim yana tafiya ne da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, saboda haka kafin a sami daƙiƙa 10 na kallo sai an tara hotuna 240, wato tsayuwar minti 20 cur, ba tare da an girgiza sanda ko an canja saitin haske ba. Idan aka haɗa su sai a ga hazo yana gudu yana tumbatsa kamar kogi a tsakiyar damina. Mutane suna son irin wannan ɗauka, ni ma ina sonta, amma a ganina ba ta kai ta minti huɗun nan gaskiya ba, domin ita tana nuna abin da ido bai taɓa gani ba, waccan kuwa tana nuna abin da dattijon yake gani kowace safiya.

Sauti shi ne abin da ban yi tsammanin zai ɗauke mini hankali haka ba. Da na saka abin ji a kunne na buɗe na'ura, sai wurin da nake zaton shiru ne ya cika. Ga ƙarar harshen saniya tana fizgar jiƙaƙƙiyar ciyawa, ga ɗigar raɓa daga wayar shinge, ga carar zakara daga wata ruga da ba a gani, ga wani yaro a ƙasan kwari yana kiran shanu da wata doguwar murya wadda take dawowa daga tudun da ke fuskantarsa. Na fahimci cewa hoton da na zo nema tun farko, na ƙasa wadda babu kowa a cikinta, babu shi a nan. Gajeriyar ciyawar da ta burge ni haƙoran shanu ne suka daidaita ta, layukan da ke jikin gangare kofato ne ya zana su, dogayen bishiyoyin turare da ke kewaye da garuruwa kuma shuka su aka yi, asalinsu daga Ostireliya. Daga ranar na daina kauce wa mutum idan ya shigo cikin hoto, na koma jiran ya iso inda ya dace, bayan na gaishe shi na nemi yardarsa.

A Kakara na yi yini ɗaya a gonar shayi, inda ake sarrafa ganyen da ake sayarwa da sunan Highland Tea. An aske itatuwan daidai ƙugu, layi layi suna bin lanƙwasar tudu, masu tsinka kuma suna tafiya a tsakani da kwanduna a baya, suna cire sabon toho, ganye biyu da ɗan tsiro. Tsakar rana ta same ni a can, amma gajimare ya rufe sama ya tace hasken, kuma koren ganye ya fi fitowa a irin wannan yanayi fiye da a cikin rana mai ƙarfi. Wata mata daga cikin masu tsinka ta ce in ɗauki hannuwanta kawai, kada in ɗauki fuskarta, na yi yadda ta ce, kuma hoton yana cikin waɗanda na fi so.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai bayan gangaren dattijon shi ne Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa. Ana tafiya a cikin fili sai kwatsam ƙasa ta karye, a jikin gangaren kuma ga kurmi mai duhu, dogayen bishiyoyi masu gansakuka, ragowar irin dajin kan tudu da ya yi ƙaranci a wannan yanki na Afirka. Akwai tashar bincike a bakinsa, kuma a cikinsa akwai manyan biran nan da ake kira cimfanzi, ko da yake ni muryar tsuntsaye da ta ƙananan birai kawai na naɗa. Abin da na ɗauka a can shi ne layin da ya raba kurmi da ciyawa, wanda yake a yanke kamar da wuƙa. Mai yi mini jagora ya bayyana cewa wutar da ake saka wa ciyawa da rani domin sabon toho ya fito wa dabbobi ita take lasar bakin dajin, ta hana ƙananan bishiyoyi tasowa. Na ga kuma wuraren da hanyar shanu ta zama kwazazzabo, jar ƙasa ta buɗe a jikin kore. Ban ɓoye waɗannan a cikin hotunana ba, domin wanda yake son wuri ba ya nuna kwalliyarsa kaɗai.

Kwana biyun ƙarshe a Gembu na yi su, na sauka har bakin kogin Donga inda ake haye mutane da babura a kwalekwale. A kan wannan kogi ne aka daɗe ana maganar gina madatsar ruwa mai samar da lantarki megawat 3,050, maganar da ta shafe gomman shekaru a bakin gwamnatoci. Ina tsaye a bakin ruwan ina tunanin cewa duk ranar da aka yi aikin wasu kwaruruka za su nutse, wasu hanyoyi za su buɗe, kamannin wurin zai sauya. Ba ni da ta cewa a kan alheri ko akasin haka, amma na san cewa abin da aka ɗauka yau shi zai nuna wa na baya yadda wurin yake, kuma ina ganin masu kyamara a Arewa, da yawanmu da ƙwarewarmu, mun bar wannan fanni a baya. Muna da Mambila da duwatsun Shere da Wase da Kwatarkwashi da dausayin Hadeja da Nguru da tuddan yashin Yusufari, amma da wuya ka shiga shago ka ga ɗayansu a jikin bango.

Da na dawo Kano na shafe makonni uku ina tace fim ɗin da daddare bayan na tashi daga aiki. Daga sa'o'i da yawa na ɗauka na fitar da minti goma sha ɗaya, ban saka kiɗa ba, na bar muryar yaron nan da ƙarar ciyawa da iska. Ɗaukar minti huɗun na rage ta zuwa biyu da rabi, abokan sana'a suka ce har yanzu ta yi tsawo ga mai kallo a waya, amma na bar ta haka. Na wanke hoto ɗaya babba na safiyar hazon na kai shagon mahaifina, wanda ƙanena yake riƙe da shi yanzu, muka rataya shi a ƙusar da kalanda take. Na wanke wani na garken dattijon a kan gangare, na naɗe shi a kwali na ba direban motar Jalingo, shi kuma ya miƙa wa na Gembu, ɗan acaɓana ya karɓa a Nguroje ya hau da shi. Bayan kwana shida ya kira ni ya ce saƙo ya isa, dattijon ya daɗe yana dubawa yana kiran shanun da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kuma ya ce a gaya mini in dawo a watan Janairu, lokacin da ciyawa take zama ruwan ƙasa, raɓa kuma take daskarewa a cikin kwari kafin fitowar rana.